Giranit a kantar kicin da banɗaki: laifin dutse ne ko laifin aiki?

Hajiya Ladi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai batun da ya kamata mu tsaya a kansa sosai, domin tambayar ta yi yawa. Yanzu a nan Jos duk mai sabon gini giranit yake so a kan kantar kicin da ta banɗaki, amma koke iri biyu ne ke yawo: ko dutsen ya tsage a gaban sinki, ko manja ya shige shi ya ƙi fita. Dutsen ne ba shi da kyau, ko aikin ne? Sannan wanne ya fi, mai kaurin santimita 2 ko mai 3? Malam Danladi, Injiniya Bala, Oga Pam, ku ne a cikin harkar, bismillah.

Malam Danladi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo maganar kauri, a fara tabbatar da cewa abin da aka saya giranit ne. A kasuwa duk dutsen da aka goge ya yi sheƙi ana iya ce masa giranit ko mabul, alhali ba abu ɗaya ba ne. Mabul taushi gare shi, wuƙa na kartarsa, kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarsa. Don haka a karɓi guntu daga ainihin fallen da za a saya, ba daga samfurin da ke kan teburin mai shago ba, a kai gida a yi masa gwaji huɗu. A ɗiga ruwan lemun tsami a bar shi minti 10 a goge. In wurin ya dushe ya rasa sheƙi, wannan ba na kicin ba ne. A zuba ruwa cokali ɗaya a bar shi minti 15. In wurin ya yi duhu, dutsen na shan ruwa. A ɗiga manja a bar shi ya kwana. Na ƙarshe a ja bakin wuƙa a kai da ɗan ƙarfi. Giranit na gaskiya ba ya kartuwa, sai dai ƙarfen ya bar ɗan layi mai toka wanda yake gogewa.

Malama Rabi: Bari in ɗora dalilin abin da Malam Danladi ya faɗa. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, sinadarin da ya fi yawa a mabul, wato kalsait, yana mataki na 3. Giranit kuwa haɗin kwaz ne mai mataki 7, da felsifa mai mataki 6, da ɗan maika. Ƙarfen wuƙar kicin yana wajen 5 da rabi zuwa 6. Shi ya sa yanka a kan giranit wuƙar yake dakushewa, a riƙa amfani da katakon yanka.

Wani abu kuma, baƙaƙen duwatsun da ake sayarwa da sunan giranit yawancinsu a ilimin duwatsu ba giranit ba ne, dangin gabro ne. Black Galaxy mai ɗigon zinariya daga jihar Andhra Pradesh ta Indiya yake zuwa, Nero Impala daga yankin Rustenburg na Afirka ta Kudu, Blue Pearl kuwa, wanda ba gabro ba ne amma shi ma ba giranit ba ne, daga Larvik ta ƙasar Norwe. Wannan ba aibi ba ne, galibinsu ma sun fi farin giranit matsewa, ba sa shan ruwa sosai. Waɗanda suka fi shan mai su ne masu haske, irin Kashmir White.

Usman Filamba: Malama, to ga mu zaune a kan dutse, daga Shere har Riyom. Me ya sa sai an ɗauko daga Indiya da Sin?

Malama Rabi: Malam Usman, dutse kam muna da shi. Yawancin tsaunukan da ke kewaye da Jos da Bukuru su ne masana ke kira sabon giranit, shekarunsu sun haura miliyan 150, kuma su ne suka zo da kuzar da aka san Filato da ita. Ana kuma yanka giranit na gida a Najeriya, ana samunsa a kasuwa. Abin lura shi ne yadda aka ciro shi. Wurin da ake fasa dutse da nakiya don a samu tsakuwar kankare ba zai ba da fallen kanta mai kyau ba, saboda girgizar nakiya na barin ƙananan tsaga a cikin dutsen waɗanda ido ba ya gani. Dutsen kanta da waya mai ƙwayoyin lu'ulu'u ake yanko shi daga jikin tsauni, a fito da shi gunduma guda, sannan a kai masana'anta a tsaga shi falle-falle a goge. In an bi wannan hanya, na gida bai gaza na waje a ƙarfi ba. Inda ake samun bambanci shi ne daidaiton kauri da kyawun guga, kuma wannan aikin inji ne.

Malam Danladi: Haka ne. Shi ya sa a je da tef. Abin da ake kira santimita 2 sau da yawa milimita 17 ko 18 ne, wani fallen ma kai ɗaya ya fi ɗayan kauri. In za a haɗa falle biyu a kusurwa, bambancin milimita 2 ya isa ya bar tudu a mahaɗa. A kuma jiƙa fuskar fallen da tsumma a tsaya a kalle shi yana bushewa. Duk inda akwai tsaga, layin ruwa zai rage a wurin bayan sauran ya bushe. In baƙi ne, a sa asiton, wato ruwan goge jan farce, a farin tsumma a murza. In tsumman ya yi baƙi, rina dutsen aka yi, nan gaba zai koɗe ya zama dabbare-dabbare.

Hajiya Ladi: To maganar kauri fa?

Injiniya Bala: Hajiya, kauri ya danganta da abin da dutsen zai zauna a kai. Giranit yana da ƙarfin ɗaukar dannawa ƙwarai, amma ba shi da ƙarfin lanƙwasa. Ba ya gargaɗi, ba ya ɗan lotsawa kamar katako, sai dai kawai a ji ƙas. Saboda haka tambayar farko ita ce, akwai wurin da dutsen yake a iska babu komai a ƙarƙashinsa?

In silaf ɗin kankare ne a ƙasa, kamar yadda yawancin gidajenmu suke, santimita 2 ya wadatar, mai 3 asarar kuɗi ne. In kabad ɗin katako ne wanda samansa a buɗe yake, ko dai a sa mai 3, ko a shimfiɗa filawud mai milimita 18 tukuna sannan a ɗora mai 2.

A kuma san nauyin. Murabba'in mita ɗaya na mai santimita 2 yana wajen kilo 54, na mai 3 wajen kilo 80. Kanta mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 60 ke nan ta kusa kilo 100 a mai 2, ta kusa 150 a mai 3, wato buhun siminti biyu ko uku.

Oga Pam: Wannan nauyin shi ne abin da masu gida ba sa lissafawa in sun zo wajen kafinta. A ce a yi kabad da allon garin katako mai araha, a sa masa ƙafafun roba huɗu, sannan a ɗora masa kilo 150. Ranar da bututun sinki ya fara ɗiga, allon ya sha ruwa ya kumbura ya ruɓe, gefe ɗaya ya sauka da milimita kaɗan, dutsen ya rasa madogara, shi ke nan. Kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki aƙalla a yi shi da filawud mai jure ruwa, a liƙe duk bakin da aka yanka. A ɗaga kabad ɗin a kan dakalin siminti mai tsayin santimita 10 saboda ruwan mofa da gara. Kada tazarar da ke tsakanin bangon kabad da na kusa da shi ta wuce santimita 60 ba tare da sandar tsakiya ba. Kafin dutse ya iso, a ɗora doguwar sandar lebur a kan kabad ɗin duka, tsawo da faɗi. In bambancin ya wuce milimita 3 a tsawon mita 3, kabad ɗin za a gyara. Kada a ce za a cike da silikon, silikon ba ya ɗaukar nauyi.

Birkila Sale: Oga Pam, da girmamawa, ni dai ina ganin duk wannan wahala ce. A zuba silaf a huta. Babu gara, babu ruɓewa, ko mutum ya hau ya tsaya babu abin da zai faru.

Oga Pam: Malam Sale, silaf ma yana da nasa. In an zuba an zuba, ba a matsar da shi. Yana cin sararin aljihun kabad, kuma in aka yi kuskuren ramin sinki sai an sa guduma.

Injiniya Bala: Dukkanku kuna da gaskiya, amma ga gidan da ake girki mai yawa kullum, na fi karkata ga silaf. Sai dai a yi shi daidai, don kurakuransa sanannu ne.

Na farko tsayi. Kanta in an gama ya kamata ta tsaya wajen santimita 90 daga saman tayil ɗin ƙasa, ana iya ragewa zuwa 85 in mai girkin ba doguwa ba ce. Birkila yakan auna daga kankaren ƙasa tun ba a sa tayil ba, sai a zo a ƙara yashi da siminti da tayil su cinye santimita 4 ko 5, kanta ta zama gajera, mai wanke-wanke ta riƙa sunkuyo har baya ya yi ciwo. Lissafin daga sama ake faro shi: 90, a cire 2 na dutse, a cire 1 na gam, saman silaf ke nan yana 87 daga ƙasan da aka gama.

Silaf ɗin kansa santimita 7 da rabi ya isa, da rodi mai milimita 10 a tazarar santimita 15, a shigar da shi cikin bango, a tokare shi da bulo. A sayi sinki da murhun gas tun kafin a zuba, a bar musu rami a jikin katakon zubi. Sannan a ba shi lokaci. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma a tsawon wannan lokaci yana fitar da danshi yana ɗan tsukewa. In aka ɗora farin giranit a kan ɗanyen silaf, danshin zai hau cikin dutsen ya yi taswirar duhu, da damina a Jos kuwa wata guda bai isa ya bushe ba.

Malam Danladi: Kuskuren da ya fi kowanne fasa dutse a kan silaf shi ne ɗora shi a kan curi. Mai aiki ya ajiye curin siminti biyar ko shida, ya ɗora fallen ya danna har ya yi lebur. Da ido ya yi kyau, amma tsakanin curi da curi rami ne. Ranar da tukunya mai nauyi ta faɗo a daidai ramin, dutsen ya tafi. Gam ɗin tayil ake shimfiɗawa a kan silaf gaba ɗaya da cokali mai haƙora na milimita 10, a kuma shafa siririn gam a bayan dutsen, a kwantar, a bubbuga da gudumar roba. In dutsen mai haske ne, farin gam za a sa, baƙin siminti na iya bayyana ta ciki. Bayan kwana biyu mai gida ya ɗauki tsabar kuɗi ko makulli ya bi saman yana ƙwanƙwasawa. Inda ya cika sautin a toshe yake, inda akwai rami zai ji yana amsawa.

Hajiya Ladi: Mu dawo kan tsagewar gaban sinki, don ita aka fi kuka da ita.

Malam Danladi: Nan ne wurin da ya fi rauni a duk kantar. Faɗin kanta santimita 60 ne, sinki ya cinye mafi yawansa, abin da ya rage siririn dutse ne gaba da baya. Kada wannan siririn ya gaza santimita 8 zuwa 10, kuma lallai ya zauna a kan wani abu.

Sai kusurwoyin ramin. Mai gaggawa zai ɗauki giranda ya yanka layi huɗu, kowane layi ya ɗan zarce ya shiga cikin ɗayan. Wannan zarcewar ita ce farkon tsaga, ko da sinki ya rufe ta ba a gani. Yadda ake yi, a fara huda kusurwa huɗu da bakin huda mai lu'ulu'u, sannan a haɗa ramukan da yanka, kusurwa ta fito a zagaye, da lanƙwasar kamar santimita 1. Kusurwa mai kaifi tana tara duk wani matsi a wuri ɗaya, mai zagaye tana raba shi.

Wasu suna tsaga bayan siririn su binne ƙarfe da gam don ƙarfafawa. Dabara ce mai kyau in sandar ba ta tsatsa. In rodin gini aka sa, ruwa zai kai gare shi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga dutsen daga ciki a tsawon gaban sinki. Duk tsagar da aka gani ta miƙe sambal a gaban sinki tana fitar da jan ruwa, wannan ce.

Da yawa kuma tun a hanya suke samun rauni. Falle a tsaye ake ɗaukarsa, a tsaye ake loda shi a mota, a jingine da katako an ɗaure. In aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura aka bi hanya mai ramuka, ko bai rabu ba ya riga ya samu tsaga a ciki, musamman in an riga an yanke ramin sinki.

Usman Filamba: Ta ɓangarenmu, ramin kan famfo milimita 35 ne ga yawancin kawuna, kuma kada ya matse da ramin sinki ko da bango, a bar wurin da hannu da sifana za su shiga. A huda da ruwa, a hankali, ba da injin da ke duka ba. Sinkin da ke zama daga sama ya fi sauƙi, bakinsa na rufe yankan. Wanda ake mannawa daga ƙasa ya fi kyau da sauƙin share ruwa, amma ba a barinsa a kan silikon kaɗai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sinki mai ɗaukar lita 30 in ya cika ga tukwane a ciki, ku lissafa. Sai an sa masa maƙalai, ko sanduna biyu a ƙarƙashi da ke riƙe da shi a jikin kabad ko bulo.

Oga Pam: Malam Danladi, ina ka fi son a sa mahaɗa? Wasu na sa ta a tsakiyar sinki, wai ta fi gajarta ba a ganinta sosai.

Malam Danladi: Ana yi, kuma hujjarsu ita ce maimakon layi mai santimita 60 sai a samu guntaye biyu na santimita 10. Amma ni ban goyi baya ba. Nan ne wurin da ruwa ya fi zama, nan ne kuma mutum ke jingina. Gara a matsar da ita aƙalla santimita 15 daga kowane rami, ta faɗa a kan bangon kabad ko kan bulo. Faɗinta kada ya wuce milimita 2, a cike da gam ɗin ifoksi mai kashi biyu wanda aka haɗa da launin dutsen. Farin siminti a mahaɗa yana baƙi da mai cikin ɗan lokaci, ya kuma zube. Tsakanin dutse da bango kuwa silikon ake sawa, don wurin na ɗan motsi. A nemi silikon marar warin tsami, wanda aka rubuta ya dace da dutse. Wani silikon yana sakin mai, ya bar duhu a gefen layin wanda ba ya fita.

Bakin kanta ya fito santimita 3 daga fuskar ƙofar kabad, a kuma ja ɗan siririn kwari a ƙarƙashin bakin don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ya shiga katako. Baki mai kaifi yana ɓantarewa, a ɗan zagaye shi. Gugar baki mataki-mataki ce, daga faifan guga mai lamba 50, zuwa 100, 200, 400, 800, 1500, har 3000, da ruwa. Wanda ya tsallake matakai ya shafa man sheƙi ya rufe, bayan 'yan makonni bakin zai dushe.

Injiniya Bala: A ƙara da teburin tsakiyar kicin da ake zama da kujeru. Mai santimita 2 kada ya leƙo fiye da santimita 15 ba tallafi, mai 3 kada ya wuce 25. Fiye da haka sai da ƙarfen tokara a kowane santimita 60. Yara na son rataya a wannan bakin.

Anti Saratu: Ni ta wajen girki zan yi magana. Turmi ƙasa ake ajiye shi, ko da ƙaramin na daka tafarnuwa da citta ne, kada a ɗora a kan kanta. Haka saran ƙashi da adda. Dutsen na jure zafi, amma tukunyar da aka sauke daga wuta a ajiye a kan mahaɗa ko kusa da ramin murhu tana iya ƙona gam ko ta buɗe tsagar da ke ɓoye, balle da sanyin hunturun Jos da dutsen ke kwana kamar ƙanƙara. A ajiye faifai ko katako.

Maganar tabo kuwa, manja da man gyaɗa su ne kan gaba, sai kurkum, zoɓo, shayi da tumatir. Galan ɗin mai da ke zaune wuri ɗaya wata da watanni shi ke barin zobe. A sa masa tire.

Hajiya Ladi: In tabon ya riga ya shiga fa, Anti?

Anti Saratu: Gogewa ba ta fitar da shi tunda yana ciki, janyo shi ake yi. Na mai, a kwaɓa garin bekin soda da asiton ya yi kauri kamar kullu, a shafa kaurin rabin santimita ya zarce gefen tabon, a rufe da leda a manne bakinta, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Sai a cire ledar a bar kwaɓin ya bushe sarai, don a lokacin bushewar ne yake tsotso man. A kankare da abin roba. Tsohon tabo na iya buƙatar a maimaita sau biyu ko uku. A kashe gas a buɗe taga, asiton na kama wuta. Na zoɓo ko shayi a kan dutse mai haske, a kwaɓa da haidurojin feroksaid na kemis maimakon asiton. A baƙin dutse kada a sa shi sai an gwada a ɓoyayyen wuri.

Birkila Sale: To wannan maganin toshewa da ake shafa wa dutse don kada ya sha ruwa da mai, ba cin kuɗi ba ne kawai? Dutse ne fa.

Malama Rabi: Dutse ne, amma akwai ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, kuma yawansu ya bambanta daga dutse zuwa dutse. Gwajin ruwan nan na minti 15 shi zai raba gardama. In bai yi duhu ba, ba ya buƙata. Baƙin dutse matsattse in aka shafa masa, maganin ba zai shiga ba, sai ya bushe a sama ya bar hazo da shatin kofi. A nan maganarka ta yi daidai, Malam Sale. Amma mai haske wanda ya sha ruwa, lallai a shafa.

A nemi mai shiga cikin dutse, wanda aka rubuta yana korar ruwa da mai duka, ba mai yin fata a sama kamar fenti ba. Dutsen ya bushe sarai tukuna. A shafa ya jiƙu, a bar shi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwani, galibi minti 10 zuwa 20, sannan a goge duk abin da ya rage kafin ya bushe. Wannan gogewar ce mutane ke mantawa. Kada ruwa ya taɓa sai bayan kwana ɗaya. Kuma a sani, maganin lokaci yake ba mutum ya goge abin da ya zube, ba ya hana tabo in an bar mai ya kwana. A maimaita gwajin ruwa sau ɗaya a shekara a kusa da sinki da murhu.

Malam Danladi: Ina roƙon a ja kunnen masu wanke sabon gini. Asid ɗin da suke wanke siminti daga tayil da shi kada ya kusanci kanta. Yana cin gam, yana kashe maganin toshewa, yana tayar da tsatsa a dutsen da ke da ƙarfe a cikinsa. Wasu magungunan cire tsatsa ma suna ɗauke da asid mai cin kwaz kansa, su dusar da giranit nan take. Wankin yau da kullum ruwan ɗumi ne da ɗan sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a tsane da busasshen tsumma. Ba soson ƙarfe, ba toka da yashi.

Usman Filamba: A banɗaki wannan ya fi faruwa, don ana ajiye maganin wanke masai a kan kanta, gindin robar ya bar zobe. A can abokan gabar dutse su ne lalle, rinin gashi, man shafawa da turaren mai. Tsayin kantar banɗaki santimita 80 zuwa 85 ne in besin na ciki, in kuwa besin mai zama a sama kamar kwano ne, a sauke kantar zuwa 70 ko 75. Faɗi 45 zuwa 55.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: mutane na ɗora ƙafa a kan besin wajen alwala. In kantar a rataye take a bango, ƙarfen tokararta ya zama an binne shi cikin bulo da aka cike da kankare, ba an ɗaure da kusa a holoƙon bulo ba, a kuma yi masa fentin hana tsatsa. Mafi alheri a sa wani famfo a ƙasa don wanke ƙafa. Ragowar giranit mai sheƙi kuma kada a shimfiɗa shi a ƙasan wurin wanka, da sabulu santsinsa na kayar da mutum.

Hajiya Ladi: Wata 'yar'uwa ta turo tambaya. Ta ji an ce giranit na fitar da tururin da ke sa cutar daji, musamman na Jos. Malama Rabi?

Malama Rabi: Tambaya ce mai kyau. Giranit na ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom, kuma daga yuraniyom ake samun iskar radon, wadda in ta taru da yawa a rufaffen ɗaki tana da alaƙa da dajin huhu. Amma hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa babbar hanyar shigar radon gida ita ce ƙasar da ke ƙarƙashin ginin, kuma da wuya kantar giranit ta ƙara wani abin a zo a gani. Kicin mai taga a buɗe ba abin damuwa ba ne. Abin da ya fi dacewa mu kula da shi a Filato shi ne yashin da ya rage a wuraren wankin kuza. Yana ɗauke da ma'adinai irin monazait da zakon masu fitar da tururi mai cutarwa fiye da yashin kogi. Kada a ɗebo shi a yi filasta ko shimfiɗar ɗaki don yana kusa ko yana da araha.

Injiniya Bala: Haɗarin da ya tabbata yana kan masu yankan ne. Ƙurar giranit na da silika, in ana shaƙa shekara da shekaru tana taurara huhu, cutar da ake kira silikosis, kuma ba ta warkewa. Dutsen haɗi na masana'anta da ake kira kwaz ya fi muni, don silikarsa kan kai kashi 90 cikin 100. Ostareliya ta haramta aiki da shi daga 1 ga Yulin 2024 saboda yadda ya nakasa matasan ma'aikata. Oga-oga da ke cikin wannan zaure, don Allah ku sa yaranku su yanka da ruwa, a waje, da abin rufe hanci mai matata da tabarau. Tsumma ko takunkumin asibiti ba ya tare wannan ƙurar. Tunda ruwa da lantarki za su haɗu, wayar giranda ta zama lafiyayya ba mai faci ba. Mai gida kuma kada ya yarda a yi busasshen yanka a cikin kicin.

Oga Pam: Tunda an ambaci dutsen haɗi, masu tambaya su sani ba ya buƙatar maganin toshewa, amma gam ne ke riƙe da shi, tukunya mai zafi na ƙona shi ya bar tabon da ba ya gyaruwa, rana kuma na sauya masa launi. Ga kicin ɗin waje, giranit ya fi.

Malam Danladi: Saura ciniki. A tambaya a fili, farashin na murabba'in mita ne ko na mitar tsawo mai faɗin santimita 60? Nan ake yawan samun saɓani. A rubuta ko ya haɗa da gugar baki, ramin sinki, ramin murhu, ramin famfo, ɗan dutsen jikin bango mai santimita 10, dako da ɗorawa. A sa hannu da maka a bayan fallen da aka zaɓa, kuma duk kicin ɗin ya fito daga gunduma ɗaya, don ko suna ɗaya ne launi na bambanta. Awo na ƙarshe sai an gama filasta an kafa kabad ko silaf. Bangonmu ba kasafai yake miƙe ba, don haka a yanka samfuri da siririn filawud ko kwali a wurin, a kai shi wajen yanka tare da sinkin da murhun kansu.

Hajiya Ladi: Wanda nasa ya riga ya tsage fa, sai ya cire?

Malam Danladi: Ba dole ba, Hajiya. In siririyar tsaga ce kuma ɓangarorin biyu suna lebur, a wanke ta da asiton, a bar ta ta bushe, a ɗura ifoksi mai ruwa-ruwa ya shige, a kankare da reza bayan ya kama. Amma a fara leƙa ƙasa a ga abin da ya jawo ta. In kabad ne ya sauka ko akwai rami a ƙarƙashi, a tokare wurin tukuna, in ba haka ba za ta sake buɗewa a gefen gyaran. In kuwa gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu, ko jan ruwa na fitowa, sai an ɗaga wannan ɓangaren an ciro ƙarfen da ya yi tsatsa. Mai irin wannan ya turo hoton sama da na ƙarƙashin sinkin a nan zaure mu duba.